Lanƙwashewar Azzakari Bayan Girma: Tabo da Taurin da Ke Haddasa Ta

Wasu maza ana haifar su da ɗan karkacewar gaba, kuma haka suke rayuwa ba tare da matsala ba. Wannan bayani ya shafi wanda gabansa yake a miƙe sambal tun yana saurayi, sai da shekaru suka ja ya lura ya fara lanƙwasa idan ya miƙe. Likitoci suna kiran wannan cutar Peyronie, da sunan François de la Peyronie, likitan tiyata na Sarki Louis na 15 na Faransa, wanda ya yi bayaninta a 1743. Ta fi kama maza daga shekara 40 zuwa 70, amma matasa ma tana samun su.

Yadda tabon yake samuwa

A cikin azzakari akwai bututu biyu masu kama da soso waɗanda suke cika da jini lokacin sha'awa. Wata fata mai ƙarfi, mai talewa kamar roba, ita ce ta lulluɓe su. Idan gaban ya tanƙwaru yayin saduwa, musamman in bai miƙe sosai ba, wannan fatar takan ɗan tsage daga ciki. Yawancin maza ba sa ma tuna ranar da abin ya faru. A jikin mafi yawan mutane raunin yakan warke ba alama. A jikin wasu kuwa sai ya bar tabo mai kauri.

Tabo ba ya talewa. Ka tuna yadda fatar da ta ƙone take janyewa bayan ta warke. To idan jini ya cika gaban, ɓangaren da ke da lafiya zai miƙe, ɓangaren tabon ya riƙe, sai gaban ya karkata wajen da tabon yake. Galibi tabon a saman gaba yake, shi ya sa lanƙwasar ta fi yin sama.

Ciwon suga, hawan jini, shan taba da tiyatar ƙabar mafitsara suna ƙara haɗarin kamuwa. Haka kuma cutar ta fi yawa ga masu wani tauri a tafin hannu da ke janye ɗan yatsa ya kasa miƙewa.

Alamomin da za ka lura da su

- Wani ƙullutu ko tauri a ƙarƙashin fatar gaba wanda kake ji da yatsa
- Lanƙwasa sama, ƙasa ko gefe idan gaban ya miƙe
- Zafi lokacin miƙewa
- Raguwar tsawo, ko tsukewa a tsakiya kamar kalangu
- Raunin miƙewa ko wahalar saduwa

Matakai biyu na cutar

Matakin farko yakan ɗauki wata 6 zuwa 18. A nan ne ake jin zafi, kuma lanƙwasar tana iya ƙaruwa wata bayan wata. A mataki na biyu zafin yakan tafi, lanƙwasar ta tsaya inda take. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya bi maza 246 da ba a yi wa magani ba: kashi 12 cikin ɗari lanƙwasarsu ta ragu, kashi 40 ta tsaya yadda take, kashi 48 ta ƙaru. Zafin kuwa ya gushe ga mafi yawansu. Saboda haka tafiyar zafi ba ta nufin ka warke.

Idan tabon ya yi tauri kamar dutse

Ga wasu majinyata, sinadarin kalsiyam, wanda shi ne yake sa ƙashi ƙarfi, yakan taru a cikin tabon. Sai ka ji abin ya yi tauri kamar tsakuwa ko guntun ƙashi. Wannan taruwar tana faruwa ne a nama da ya ji rauni, ko da kalsiyam ɗin da ke jininka daidai yake. Nono, madara ko ƙashin miya ba su ne suka kawo ta ba, don haka kada ka ƙaurace musu.

Yatsan likita kaɗai ba ya iya tabbatar da ko kalsiyam ya taru. Hoton sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ne yake nunawa. Sanin haka yana da muhimmanci domin shi ne zai nuna maganin da zai yi maka amfani. Tabon da ya taurara sosai ba ya narkewa da ƙwaya, da shafawa ko da jiƙo, kuma allurar da ake yi a cikin tabo ba ta cika yi masa aiki ba. Idan lanƙwasar tana hana saduwa, tiyata ce ta fi dacewa da irin wannan.

Abubuwan da ake jingina wa cutar

Wannan ƙullutu ba sankara ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama sankara. Ba a ɗaukarsa ta saduwa kamar ciwon sanyi, kuma basir ba ya kawo shi. Ba ya lalata maniyyi. A gidajen da ake da mata fiye da ɗaya, wani lokaci akan zargi ɗaya daga cikinsu da sammu, har aure ya mutu a kan tabon da hoto zai iya nunawa ƙarara. Ke uwargida ko amarya, ba laifinki ba ne, kuma ba gudunki maigida yake yi ba; sau da yawa zafi da kunya ne suka sa ya janye jiki. Idan kina jin zafi lokacin saduwa, ki faɗa masa, domin likita zai tambaya.

Abin da za ka guje wa

- Kada ka bari wanzami ya yi maka tsaga ko ƙaho a wurin. Sabon rauni sabon tabo ne.
- Kada ka yi ƙoƙarin miƙar da gaban da ƙarfi yana a tsaye.
- Ka guji maganin ƙarfin maza na ranar kasuwa. Ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba, kuma yana iya yi wa mai ciwon zuciya illa.
- Kada ka sayar da hatsi ko dabba don sayen maganin da aka ce yana narkar da tabo. Ko bitamin E da aka daɗe ana bayarwa bincike bai nuna yana miƙar da gaba ba.

Inda za ka je

Idan kana Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi ko Tsanyawa, fara da babban asibiti mafi kusa, a gwada maka suga da hawan jini, ka nemi takardar turawa zuwa likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam a cikin birni. Ka tafi da amsar waɗannan: yaushe abin ya fara, ko yana ƙaruwa, ko akwai zafi, ko kana iya saduwa. Likita zai iya neman ka ɗauki hoton gaban a miƙe da wayarka a gida, daga sama da daga gefe, domin ya auna lanƙwasar. Sirrinka amana ce a wurinsa.

Magani

A matakin farko ana ba da maganin zafi, amma ka sanar da likita in kana da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Akwai na'urar jan gaba da ake sawa kullum bisa umarnin likita. A Amurka an amince da allurar Xiaflex a 2013 ga lanƙwasar da ta kai digiri 30, sai dai tana da tsada ƙwarai kuma samunta a nan da wuya.

Ba a yin tiyata sai cutar ta kai kimanin shekara ɗaya kuma lanƙwasar ta yi wata 3 zuwa 6 ba ta canja ba. Ana iya tsuke ɓangaren da ke da lafiya da ɗinki, wanda yakan ɗan rage tsawo. Ana iya tsaga tabon a yi faci, amma wannan ya fi haɗarin raunana miƙewa. Wanda gabansa ya daina miƙewa ana iya dasa masa roba a ciki. Bayan tiyata za ka haƙura da saduwa na kusan mako 6, kuma aiki mai nauyi zai jira, don haka ka shirya da likita a sa maka rana bayan girbi. Idan lanƙwasar kaɗan ce kuma ba ta hana saduwa, ba sai an yi tiyata ba.

Lokacin da za ka garzaya asibiti

Idan ana cikin saduwa ka ji ƙara kamar abu ya karye, gaban ya kwanta nan take, ya kumbura ya yi baƙi, wannan tsagewa ce babba. Tana buƙatar tiyata cikin gaggawa. Ka tafi asibiti a daren, kada ka jira gari ya waye.