Malam-buɗe-littafi da sha-kauci: tsirran da ke jawo su cikin gida da garka

A ƙasashen nahiyar Amurka, masu lambun gida kan shuka furanni da gangan domin malam-buɗe-littafi da ɗan tsuntsun nan da Faransawa ke kira colibri su riƙa kawo musu ziyara. Wanda ya ga hotunan a Facebook daga Yamai ko Maraɗi zai so ya kwaikwaya, amma ya kamata ya san cewa babu colibri a Nijar, babu shi a Afirka baki ɗaya. Ire-irensa sama da 300 duk a nahiyar Amurka suke, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina. Mafi ƙanƙanta yana Kyuba, nauyinsa kusan giram 2.

Tsuntsun da ake gani kan furen zogale, wanda masu jin Faransanci da yawa ke kira colibri bisa kuskure, shi ne sha-kauci, souimanga a littattafan Faransa. Ba dangin juna ba ne, abinci ne ya haɗa su. Colibri na tsayawa cik a iska yana shan ruwan fure, har yana iya tashi da baya. Sha-kauci ya fi son ya sauka kan reshe, ya zura siririn bakinsa mai lanƙwasa cikin furen. A kudancin Nijar ana yawan ganin iri biyu da mazansu ke da dogon wutsiya: ɗaya kore ne mai ƙyalli da ja a ƙirji, ɗayan koren kai ne da rawayan ciki. Matan ba su da ado, shi ya sa ba a cika lura da su ba.

Sunan nasa ma bayani ne. Kauci, tsiron da ke manne wa rassan itatuwa yana shan ruwansu, yana da dogon fure mai ja, kuma wannan tsuntsu ne ke buɗe furen ya ɗauki garinsa zuwa wani. Sai dai kauci ba abin rainon mai garka ba ne, domin yana raunana lemu da gwaba. A bar shi a itatuwan daji.

Abin da ya fi dacewa a shuka wa sha-kauci shi ne zogale, wanda a Maraɗi ake ce wa tamaka. Yana fara fure wata 6 zuwa 8 bayan shuka, kuma idan yana samun ruwa ba ya daɗewa babu fure. Matsalar ita ce masu noman ganye suna sare shi tun bai kai ga fure ba. A ware gindi biyu ko uku a gefe, a bar su su girma. Gwanda, alobera da gurjiya mai jan fure a lokacin rani duk suna jawo shi. Haka ma gawo, wanda ke fure bayan ɗaukewar damina, sa'ad da sauran tsirrai suka fara bushewa. Manoman Magarya da Matamaye da suka raini gawo a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani sun tanadar wa tsuntsaye da ƙudan zuma abinci, ko da ba da wannan niyya suka yi ba. A Amurka ana rataye kwalbar ruwan sukari, awo 1 na sukari cikin awo 4 na ruwa. A zafin bazarar Tawa ruwan zai yi tsami cikin yini, ga tururuwa. Fure ya fi. Kuma sha-kauci na ciyar da ƴaƴansa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo, don haka garkar da aka share ta daga ƙwari ba za ta riƙe shi ba.

Fure na uwa, ganye na ɗa

Batun malam-buɗe-littafi ya fi haka tsawo, domin rayuwarsa hawa huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin kwanso, sannan mai fiffike. Babban yana shan ruwan kusan kowane fure mai buɗaɗɗen kai: lalle, magarya, bagaruwa, ɗaiɗoya da aka bari ta yi kai, ko furen ziniya da ake samu wajen masu saida furanni a birane. Tsutsar kuwa tana da zaɓi, kowane iri da ganyen da yake ci, kuma uwa ba ta saka ƙwai sai a kansa. Gidan da ke da furanni kaɗai baƙi masu wucewa zai samu.

Misali mafi kusa shi ne tumfafiya. Mai fiffike ruwan lemu, da baƙin gefe da ɗigo-ɗigon fari, wanda masana ke kira Danaus chrysippus, a kanta da kan fataka yake saka ƙwai. Tsutsarsa na cin ganyen, ta tara dafin da ke cikin farin ruwan, sai tsuntsun da ya ci ta ya yi amai, bai ƙara ba. Ɗan uwansa ne shahararren nan na Amurka mai ƙaura daga Kanada zuwa tsaunukan Meksiko, tafiyar da kan kai kilomita 4,000, wanda saboda shi ake roƙon jama'a a can su shuka dangin tumfafiya a bakin gidajensu. Abin da suke saye da kuɗi, a nan kan juji yake tsirowa. Amma ruwan tumfafiya na da haɗari ga ido, don haka wurinta bayan darni ne, nesa da inda yara ke wasa.

Fararen nan da ke cika hanya a ƙarshen damina, wasunsu kan tafasa, filasko da rai-ɗore suka tashi, wasu kan anza da jiga. Akwai kuma baƙo daga nesa, Vanessa cardui, wanda bincike ya tabbatar yana ƙetare Sahara daga Turai a lokacin kaka ya hayayyafa a yankin Sahel, jikokinsa su koma arewa.

Wanda ke kawo saɓani shi ne babban nan baƙi mai zanen rawaya, Papilio demodocus, domin ganyen lemu tsutsarsa ke ci. Tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, in ta girma ta zama kore, in an taɓa ta ta fito da wani ƙaho mai wari. Babban icen lemun tsami ba ya jin ɓarnarta. Dashen shekara ɗaya kuwa tana iya tsige shi tas, sai a cire ta da hannu a mayar kan babban icce.

Magani da ruwa

Ba laifi manomi ya ƙi jinin tsutsa. Murzuna mai cin zangarniyar hatsi da tsutsar masara da ta shigo Afirka a 2016 sun ja asara mai yawa. Sai dai iyayen waɗannan na dare ne, masu launin toka, ba su ne masu yawo da rana kan furanni ba. Maganin feshi bai san wannan bambanci ba. Piya-piya da makamantansa suna kashe malam-buɗe-littafi, ƙudan zuma, har da ɗan zanzaron nan da cibiyar INRAN ke saki a gonaki don ya kashe murzuna. Ko ruwan ƴaƴan bedi, da ake ɗauka marar illa, yana kashe tsutsa kowace iri. In feshi ya zama dole, a yi shi da maraice, kan shukar da ta kamu kaɗai, ba lokacin da take fure ba. Rahoton IPBES na 2016 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gona suna cin moriyar dabbobin da ke ɗaukar garin fure. Hatsi da dawa iska ke yi musu wannan aiki, amma kankana, kabewa da mangwaro sai da ƙwari.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. Wuri mai samun hantsi, da katanga ko darni ta gabas don tare iskar hunturu, da kariya daga awaki. A haɗa furanni iri ɗaya wuri guda maimakon a warwatsa su. Ruwan alwala da na wanke hatsi sun isa shayar da gindi biyar ko shida, muddin babu sabulu a ciki. Malam-buɗe-littafi ba ya sha daga buɗaɗɗen ruwa, jiƙaƙƙen yashi yake so, inda yake tsotsar ruwa da gishirin ƙasa. Kasko cike da yashi mai laima ya wadatar. Na tsuntsaye kuma kasko ne marar zurfi a inuwa, inda kyanwa ba za ta yi musu kwanton ɓauna ba, a zubar da ruwan a sake sabo duk bayan kwana 2, tun sauro bai ƙyanƙyashe a ciki ba.