Magajin Jaki: Doguwar Tafiya a kan Babur daga Karu zuwa Bakin Hamada

A watan Oktoban 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Babban Birnin Tarayya, aka hana acaɓa a ƙwaryar birnin Abuja. Baburan ba su ɓace ba, gefe suka koma, suka cika Nyanya da Karu da Jikwoyi da Kurudu har zuwa Karshi, wasu suka tsallaka Mararaba. Da yawa daga cikin matuƙansu 'yan ci-rani ne daga Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara, da kuma ƙasar Nijar. Idan damina ta kawo kai ko Sallah ta gabato, wani yakan loda babur ɗinsa a tirela, wani kuwa ya ɗaure kaya a bayansa ya kama hanya da kansa. Daga Abuja zuwa Kano kaɗai tafiyar ta haura kilomita 400, kuma ga wanda garinsu ke can bayan Daura ko Maigatari, inda kwalta ta ƙare nan ne ainihin tafiyar take farawa. Turawa suna da littattafai da finafinai a kan irin wannan tafiya, suna ɗaukarta jarumtaka ta masu neman kasada. Ni dai a ganina, a ƙasar Hausa tarihinta tarihin sana'a ne, kuma babur bai buɗe sabuwar hanya ko ɗaya ba. Hanyar jaki ya gada, tare da tsarin da fatake suka kafa a kanta.

Kafin mota, fatauci yana da shugabanci da ƙa'ida. Madugu ne ke riƙe da ayari, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Jagaba na gaba yana duba hanya, ana kwana zango zango, a gari kuma akwai mai masauki da ke ajiye baƙo da dukiyarsa, ya kuma samo masa mai saye. Da wannan tsari aka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro, aka riƙa gangarowa kudu ta Keffi zuwa Loko a bakin Binuwai da kanwa da tufafi, kuma Karu ta Gbagyi tana nan kusa da Keffi tun kafin a yi tunanin sabon babban birni a 1976. Ta arewa kuwa raƙuman Azbinawa ne ke kawo gishirin Bilma, hanya kuma ta bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus. Daga Tarabulus ɗin ne Baturen nan mai bincike Heinrich Barth ya taso, ya shiga Agadas a 1850, ya iso Kano a 1851. Raƙumi ya fi suna a wannan tarihi, amma jaki ne ya ɗauki mafi yawan wahalar ƙasar Hausa, domin shi ke shiga ƙauye, shi ke kai hatsi kasuwa, shi ne jarin ƙaramin falke. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan motoci suka biyo baya, sai suka ƙwace doguwar hanya daga hannun ayari. Amma ba su taɓa iya ratar da ke tsakanin titi da ƙauye ba, inda rairayi ke cin taya da rani, kwazazzabo ya yanke hanya da damina. Wannan rata ta zauna a hannun jaki da keke shekaru da dama.

Mai musu zai ce ai Turawa ne suka fara ratsa waɗannan wurare a kan babur, kuma ta fuskar kwanan wata yana da gaskiya. A watan Disamban 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin gefe, suna jan ƙaramar tirela. Suka ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, suka sauka Agadas, suka biyo ta Kano, ba su isa Cape Town ba sai Yulin 1935. Ba ƙaramin aiki suka yi ba, kuma ba na son a rage musu ko kaɗan. Haka nan Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ɓata a hamada a kan babur a 1977, ya koma gida ya shirya tseren Paris zuwa Dakar wanda aka fara a ƙarshen Disamban 1978, ya kuma bi ta Agadas da Yamai. Sai dai a duba hanyar da dukansu suka bi. Rijiyoyin da suka sha ruwa ayari ne ya san su, garuruwan da suka yada zango tsofaffin zangunan fatake ne, kuma mutanen Azbin ne suka yi wa masu tseren jagora a hamadar Tenere. Sannan a duba abin da suka bari. An soke tseren 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020. Baƙi sun tafi da kasadarsu, amma babura ba su daina bin hanyar Agadas ba, domin masu binta yanzu abinci suke nema.

Abin da ya mayar da babur abin hawan talaka ya faru ne a hankali. A shekarun 1970 Vespa da Honda kayan ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta ne. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975, inji mai sauƙi da aka ƙera musamman don ƙasashen da ba a cika kula da juyen mai a kan lokaci ba, kuma wannan tunani shi ya yi nasara a nan. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ya tura mutane da yawa haya da baburansu: acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Maraɗi. Daga baya Jincheng ta Sin ta karya farashi, sai Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta mamaye kasuwa da doguwar kujerarta da jimirin ɗaukar kaya. Ba ƙarfin inji ne ya sa waɗannan baburan suka iya doguwar hanya ba, don babban babur na Turai ya fi su gudu nesa ba kusa ba. Sirrin yana bakin hanya. Kusan kowace kasuwar ƙauye akwai bakanike da zai kwance injin Boxer a ƙarƙashin bishiya ya mayar kafin la'asar, akwai mai faci, akwai ɗan bumburutu da kwalaben fetur inda babu gidan mai, akwai mai shayi da ya san ko gadar gaba ta karye. A tashar 'yan acaɓa ta Karu ma, sabon zuwa yakan sauka ne hannun ɗan garinsu, wanda zai tsaya masa a ba shi babur yana biya a hankali. Wannan shi ne aikin mai masauki, ko da ba a kiransa da sunan. Wanda ya zo da babur mai tsada wanda ba a samun kayan gyaransa sai a Legas, ya fita daga wannan tsari, kuma ƙaramar matsala tana iya zaunar da shi mako guda.

Musu mafi nauyi shi ne na tsaro, kuma ba a kawar da shi da baki. Babur ɗin da ke kai mai naƙuda asibiti shi ne ke kai ɗan bindiga ƙauye da tsakar dare. Saboda haka aka hana hawansa a Maiduguri a 2011, aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, aka hana babura a Diffa a 2015 da sassan Tillaberi a 2020, sannan a 2021 Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgarsu da sayar da fetur a jarka. Waɗanda suka yanke waɗannan hukunce-hukunce gawawwaki suka gani, ba zan ce ba su da hujja ba. Amma fashin hanya ya girmi babur. Fatake sun sha fama da mahara, abin da ya sa ma ake tafiya a ayari ke nan, kuma maganin da aka sani a lokacin shi ne tsare hanya da sanin wanda ke binta, ba raba falke da jakinsa ba. A birni irin Kano, da aka hana acaɓa A Daidaita Sahu ta cike gurbin. A ƙauyen da ke nesa da kwalta babu abin da ke cike shi. Ɗan bindigar da ke daji bai san da wata doka ba, manomi da ma'aikacin rigakafi da malamin firamare su ke ajiye babur su koma tafiyar ƙasa.

Akwai kuma mai cewa yabon wannan tafiya yabon gazawa ne, tunda da an yi tituna da ba wanda zai kwana a kan babur, da ba a cika asibitocin ƙashi da samari ba. Na yarda da rabin wannan. Haɗarin gaskiya ne, rashin hular kwano da lodin mutum uku ko huɗu suna kashe mutane, kuma babu wanda ya zaɓi burji alhali ga kwalta. Amma titi ba ya zuwa ko'ina lokaci ɗaya. Hanyar Tawa zuwa Arlit an shimfiɗa ta ne saboda yuraniyom, titin Abuja zuwa Keffi da ya ratsa gefen Karu an faɗaɗa shi ne saboda babban birni, kuma kullum akwai garin da ba shi da ma'adini ko ofishin da zai jawo masa kwalta. Mutanen irin waɗannan garuruwa su ne ke haya a Karu da rani, kuma kuɗin da suke tarawa a tsakanin Jikwoyi da Karshi shi ke komawa gida ya zama taki da iri, sau da yawa a ɗaure a bayan babur ɗin da ya samo shi.