Daga Ruwan Bagaja zuwa Mallakin Zuciyata: Yadda Labarin Hausa Ya Shiga Zuci

A shekarar 1922 aka buga Ulysses na James Joyce a birnin Paris, littafin da ya bi tunanin mutanensa cikin yini guda a Dublin, har da abin da bakinsu ba zai iya furtawa ba. A wannan shekarar ce kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a hukumance. Wannan makaranta ta birnin Dikko ita ta reni yawancin waɗanda suka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa, amma tafarkinsu ya sha bamban da na Joyce.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labari. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gare ta, akwai na mutanen kwalejin: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka yi karatu a can, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya koyar a can. Idan mai karatu ya lura, zai ga Alhaji Imam da Malam Zurƙe ana gane su ne ta dabararsu da ramuwar gayyarsu. Ganɗoki kuwa takobinsa ne shaidarsa. Hali yana fitowa a aikace, zuciya tana rufe.

Dalilan suna da yawa. Marubutan sun gaji salon tatsuniya da hikayoyin Larabawa irin su Alfu Laila, inda abin da ya faru shi ne gaba. East kuma abin karantawa yake nema wa sababbin masu ilimin boko, don haka labari mai gudu ya fi dacewa. Ga kunya da kara, waɗanda suka hana Bahaushe fallasa cikinsa. Nazarin zuciya kuwa yana da mazauninsa tun da daɗewa a rubuce-rubucen malaman jihadi na ƙarni na 19, waɗanda suka feɗe hassada da riya da girman kai.

Duk da haka an fara tsaga ƙofar. A Jiki Magayi, na John Tafida da East, ƙullin da Abubakar ya riƙe bayan attajiri ya aure Zainab shi ne ke jan labarin har zuwa halaka. A Shaihu Umar, begen uwa ga ɗanta ne ya ratsa da ita Sahara.

Sai a 1980 wani Bakatsine ya sa zuciya a bangon littafi. Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya ci gasar kamfanin NNPC, ya ɗauki son rai da fargabar matasa a matsayin jigo. Daga bisani marubutan soyayya na Kano, musamman mata irin su Balaraba Ramat Yakubu, suka bar matar da aka wulaƙanta ta yi magana da ranta.

Harshen ya riga ya tanadi kayan aikin: saƙar zuci, zancen zuci, abin da rai ya raya wa mutum. Aikin da ke gaban marubucin yau shi ne ya bar tauraronsa ya yi kokwanto, ya saɓa wa kansa, ba tare da an yi gaggawar yanke masa hukunci ba. Wanda ya taɓa kwana cikin zuciyar kishiya ko ta almajiri a shafin littafi, da wuya ya yi saurin tsine musu a zaure.