Zaɓen 2020-2021: gardamar "ɗan ƙasa na asali"

Yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasar Nijar na 2020-2021 ya zo da takaddama iri-iri, amma wadda ta fi cinye bakin jama'a ita ce ta cancanta: wa ke da ikon tsayawa takara, wa ba ya da shi. Shugaba Issoufou Mahamadou ya cika wa'adinsa biyu, bai nemi tazarce ba. Daga cikin mutum 41 da suka ajiye takardu, Kotun Tsarin Mulki ta amince da 30 a watan Nuwamba na 2020.

Cikin waɗanda aka zubar akwai Hama Amadou na Moden-FA Lumana, madugun ƴan adawa, saboda hukuncin ɗaurin shekara guda da aka yanke masa a shari'ar safarar jarirai. Magoya bayansa sun ce bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa. Masu mulki suka ce doka ce ta yi aikinta.

Daga nan ƴan adawa suka juya kan Bazoum Mohamed na PNDS-Tarayya. Ayar doka ta 47 ta kundin tsarin mulkin 2010 ta ce dole mai neman kujerar ya kasance ɗan Nijar na asali, mai shekara 35 aƙalla. Wasu ƴan takara suka shigar da ƙara suna cewa takardunsa na shaidar zama ɗan ƙasa ba su inganta ba. Bazoum Balarabe ne daga ƙabilar Awlad Suleman, haifaffen Bilabrin a jahar Diffa a 1960, ya kuma tashi a Tesker cikin jahar Damagaram. Tarayya ta mayar da martani cewa mutumin da Tesker ta zaɓa ɗan majalisa tun 1993, ya riƙe ministan harkokin waje da na cikin gida, ba yau za a tuna da asalinsa ba. Kotu ta yi watsi da ƙarar a watan Disamba, amma maganar ba ta mutu ba. A fada-fada da saƙonnin murya na WhatsApp ta rikiɗe ta koma batun launin fata da ƙabila, abin da ba ya cikin ayar ko kaɗan.

Sauran batutuwa, irin su tsaro a Tillaberi da Diffa da badaƙalar sayen makamai a ma'aikatar tsaro, an taɓo su, sai dai ba su samu rabin wannan zafi ba.

A zagayen farko na 27 ga Disamba, Bazoum ya samu kimanin kashi 39 cikin 100, Mahamane Ousmane na RDR-Canji kusan 17. Seini Oumarou da Albadé Abouba suka mara wa Bazoum baya, Lumana ta bi Ousmane. Bayan zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu 2021, CENI ta ba Bazoum sama da kashi 55. Ousmane ya ce shi ya ci da 50,3. Tarzoma ta ɓarke a Yamai, mutum biyu suka rasu, aka kama ɗaruruwa, aka katse intanet na wayar salula kusan kwana goma, aka kuma tsare Hama Amadou. An rantsar da Bazoum ranar 2 ga Afrilu 2021, kwana biyu bayan wani yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba.