Ranin da Ke Ciyar da Damina: Tarihin Taki, Lambu da Rogo a Karkarar Kano

A watan Maris, gonakin da ke tsakanin Kano da Ɗambatta kan zama fayau, babu abin da ke tsaye sai gawo da ɗorawa da kuka. Baƙo zai ɗauka ƙasar barci take yi. Amma tarihi ya nuna cewa a waɗannan watanni bakwai na rashin ruwa ne manomin Kano yake biyan bashin da ya ci a damina. Wannan ne sirrin yadda yanki mai cunkoson jama'a ya daɗe yana noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba.

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a shekarar 1851, ya sa ƙasar cikin mafi albarka da ya gani. Bayan fiye da shekara ɗari, a shekarun 1960, Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya auna ƙauyukan da ke kewaye da birnin, ya iske ana nome fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar duk shekara. A wasu wurare manomi kan bar gona ta zama saura, ta huta shekaru. A nan babu filin yin haka, don haka aiki ne ya maye gurbin hutu.

Jaki da mangala

Aikin farko shi ne taki. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, a riƙa kawo musu ciyawa. Da kaka a tara harawa da karmami a ɗora bisa itace ko soro. Abin da dabba ta ci daga gona, shi ake mayar wa gona idan bazara ta gabato, an haɗa shi da toka da sharar gida. Masu kusa da birni suna da ƙarin hanya: jakuna su shiga Kano da itace, su fito da mangala cike da takin juji. A shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin wannan zagaye a ƙauyen Tumbau, ta nuna cewa harawar wake da gyaɗa ce ginshiƙinsa, domin waɗannan tsirrai suna ƙara wa ƙasa sinadarin da hatsi ke zuƙewa.

Lambu da harajinsa

Aiki na biyu yana fadama. Da an kai hatsi rumbu, masu fili a bakin rafin Jakara da sauran kwaruruka sai su tayar da fangali, su yi renon irin albasa da tattasai, su kafa jigo a bakin rijiya. Ba sabon abu ba ne. A ƙarni na 19 masarautar Kano tana karɓar kuɗin rafi daga masu lambu, da kuɗin shuka a kan amfani irin su rogo da rake da taba, daban da kuɗin ƙasa. Hukuma ba ta sa haraji a kan abin da ba ya kawo kuɗi. Kasancewar harajin shaida ce ta girman sana'ar.

Kududdufi

Kusan kowane tsohon gari yana da kududdufi, kuma hannu ne ya haƙa shi: daga nan aka ɗebi ƙasar ginin gidaje da ganuwa. Da damina ya tare ambaliya, da rani ya shayar da dabbobi. Idan ruwa ya ja baya a yi su, a kama tarwaɗa, a tono gaiwa daga cikin laka, sannan magina su dawo yin tubali.

Tsirran da ke cikinsa ba shuka su ake yi ba, shi ya sa Hausawa ke cewa kainuwa dashen Allah. Duk da haka akwai zaɓi a cikin abin da ake bari da abin da ake kwashewa. Kainuwa tana saurin rufe fuskar ruwa, saiwoyinta kuma mafaka ce ga tsutsar wani nau'in sauro. Bado kuwa abinci ne: ana cin 'ya'yansa, ana dafa saiwarsa. A shekarun ƙoshi abin marmarin yara ne. A shekarun yunwa, irin ta Kakalaba da ta biyo bayan farin 1913, abincin daji da na ruwa irin wannan ne talaka ke komawa gare shi.

Rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa

Gero da dawa suna iya shekara a rumbu. Abin tono ba haka yake ba, domin ruwa ne mafi yawan jikinsa. Rizga da tumuku 'yan asalin Afirka ne, amma rogo da dankali daga nahiyar Amurka suka fito, Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar teku, sannan suka hauro arewa sannu a hankali. Kowanne sai da manomi ya koyi halinsa.

Rogo yana fara lalacewa kwana biyu ko uku bayan an tone shi. Saboda haka ƙasa ce rumbunsa: a bar shi a gona, a riƙa tono gwargwadon buƙata. Wannan ya kawo wani aikin, wato shinge, domin da kaka ake sakin dabbobi, kuma korensa kaɗai suke hangowa. Wanda ya yi yawa sai a fere, a shanya, a daka ya zama alabo. Fara na iya cinye ganyensa ta bar saiwar, fari na iya kashe gero ya bar shi. Wannan ne ya sa ya ƙara karɓuwa a ƙarni na 20.

Dankali ya fi haƙuri kaɗan. Akan zaɓi wanda fartanya ba ta ji wa rauni ba, a haƙa rami a inuwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a barbaɗa toka, a rufe. Babbar matsalarsa ita ce iri, domin yaɗonsa ake dasawa. Dole wani ya raya yaɗon a fadama tsawon rani, in ba haka ba damina ta zo babu abin dasawa. A nan ma mai tudu yana dogara da mai lambu.

Daga jigo zuwa inji

Gwamnatin Audu Bako, wadda ta mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ta ɗauki gina madatsun ruwa da muhimmanci, farin farkon shekarun 1970 kuma ya ƙara mata hujja. Tiga ta kammala a 1974, arewacin jihar ya sami Tomas da Jakara da Watari. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa rijiyar burtsatse da ƙaramin injin ban ruwa, jigo ya fara ɓacewa, lambu ya faɗaɗa ninki-ba-ninki.

Sai dai kowane ci gaba ya zo da farashinsa. Inda ruwa ya daina ƙafewa da rani, ciyawar kacalla ta mamaye, ta toshe magudanai, ta zama sheƙar tsuntsayen jan baki. Ruwan Jakara yanzu yana ɗauke da dagwalon birni da na masana'antun Bompai. Takin juji ya cika da leda. Kududdufai da dama an cike su an yi gini, ruwan da suke tarewa ya koma cikin gidaje. Janye tallafin man fetur a 2023 kuma ya tsananta kuɗin tayar da inji, har wasu suka koma gas da hasken rana.

Darasin a bayyane yake. Ƙasar Kano ba don ta fi sauran ƙasa ƙarfi ta ɗauki wannan jama'a ba. Hannuwa ne suka riƙa mayar mata da abin da aka ɗauka, wata bayan wata. Duk tsarin noma da ya tsaya a rabon takin zamani gab da shuka, ya manta da ruwan rafi da kududdufi da dabbar turke, rabin shekarar manomi kawai ya gani. Da rani ake yanke hukuncin abin da rumbu zai samu da kaka.