Yaya ake gane hannun jarin da ya yi tsada?

Manomin rani a Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki, ya san tumatir da shinkafa ba ɗaya suke ba. Shinkafa tana jure ajiya, tumatir kuwa yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki, ga faɗuwar farashi idan ya cika kasuwa.

A shekarar 2016 tsutsar Tuta absoluta ta lalata gonakin tumatir a jihar Kano, har masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki. Shi ya sa manomi ba ya rungumar tumatir sai yana sa ran ribar da ta zarce ta shinkafa.

Da wannan ma'aunin ne masana ke auna farashin hannun jari: gwargwadon kasadar da ke cikinsa, gwargwadon ribar da ya kamata ya kawo.

Yadda ake lissafin

Ribar mai hannun jari ta hanya biyu take zuwa: kason da kamfani ke rabawa, da ƙarin darajar hannun jarin kansa. Babu tabbas a ko ɗaya.

Don haka akan fara da duba abin da takardun gwamnati ke bayarwa, tun da kasadarsu ta fi ƙanƙanta. Sukuk na farko da gwamnatin Najeriya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, ya biya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara.

Misali, a ce a wancan lokaci ana sayar da hannun jari kan naira 100, ribar kamfanin a kan kowane hannu kuma naira 10 ce a shekara. Kashi 10 cikin ɗari ke nan, ƙasa da na sukuk, alhali kasadar ta fi yawa. Wannan hannun jari ya yi tsada, sai dai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ribar za ta ƙaru. Da farashin naira 50 ne, da ribar ta zama kashi 20.

Darasin 2008

Bayan da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna a 2004 su ƙara jarinsu zuwa naira biliyan 25, jama'a sun yi rububin sayen hannayen jari, wasu ma da bashin banki. Farashi ya yi ta hawa fiye da ribar kamfanonin.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, amma kafin ƙarshen shekarar ya faɗo ƙasa da 32,000. A 2009 gwamnan Babban Bankin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu bankunan da bashi ya durƙusar.

Tun 2012 dai kasuwar tana da ma'aunin Lotus, wanda ke tattara kamfanonin da harkokinsu suka dace da shari'ar Musulunci. Sai dai halaccin kamfani bai nuna cewa farashinsa ya dace ba. Wannan lissafi yana wuyan mai saye.