Littattafanmu na Farko Duk Matafiya Ne

Duk wanda ya taɓa gina manhajar sayar da littattafai ya san akwai gurbin da ba a tsallakewa: sai an faɗi rukunin da littafi yake ciki kafin rumbun bayanai ya karɓe shi. Ko tafiye-tafiye, ko tarihi, ko kiwon lafiya da gyaran rayuwa, ko ƙagaggen labari. Wannan rabo yana tafiya daidai da littattafan Turanci, don dama saboda su aka tsara shi. Amma da zarar mun ɗauko tsofaffin littattafan Hausa muka ce za mu zuba su a waɗannan gurabe, sai aiki ya cije. Ina za mu ajiye Ruwan Bagaja, wanda ƙagagge ne, kuma labarin tafiya ne, tafiyar ma ta neman magani? Idan muka bi su ɗaya bayan ɗaya za mu ga zare guda ne ya ɗinke su. Kusan kowanne da barin gida ya fara.

Mu fara da yaron da bai yi niyyar zuwa ko'ina ba. An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wajen 1840. Yana ƙarami aka kama shi bawa, ya yi ta canja hannu har ya faɗo wurin wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg a Borno, wanda ya 'yanta shi. Overweg ya mutu a 1852 a gaɓar tafkin Chadi, sai Dorugu ya koma yi wa abokin tafiyarsa Heinrich Barth hidima, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim. Tare suka je Tambutu suka dawo, tare suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855. Barth ya zauna ya cika juzu'i 5 da abin da ya gani. Shi kuwa Dorugu, da bai fi shekara 16 ba, ya zauna a gidan wani ɗan mishan mai suna Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Sai a 1885 labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa.

Schön dai jimloli yake nema don nahawu da ƙamus. A bakin masu sana'armu, bayanai yake tarawa. Abin da ya samu ya fi abin da ya nema, domin yaron yana da ido. Barth yana auna nisan gari da gari, yana bin salsalar sarakuna, Dorugu kuwa yana lura da abin da aka ci, da yunwa da ƙishirwar hanya, da yadda Turawa ke zama su ci abinci a teburi. A wurinsa Ingila ce baƙuwar ƙasa mai al'adun ban mamaki, kuma haka ya ba da labarinta. Daga baya ya dawo, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

A ɗaya gefen kuma akwai hanyar Gwanja, wadda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi don goro. Ita ta kai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, har Salaga, daga nan ya zauna a Kete-Krachi cikin ƙasar Ghana ta yau, inda ya rasu a 1934. Ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu, ya yi waƙa kan talauci da wadata, ya yi kan zuwan Nasara, har da annobar murar 1918. Mutum ɗaya ke nan, kuma da za a sa shi a manhajarmu sai ya cinye gurabe uku.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne gasar 1933. Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labarai da boko don 'yan makaranta su sami abin karantawa. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu, kuma dalilin a fili yake. A idon malami, rubutu na ilimi ne da addini. Labarin da bai faru ba kuwa tatsuniya ce, ta mata da yara, ta dare. Yaya dattijo mai rawani zai sa alƙalaminsa a ƙarya? Littattafai 5 ne suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa.

Mu dubi yadda uku na farko suka warware matsalar. A kowannensu wani mutum ne ya yi doguwar tafiya ya dawo, ya zauna, jama'a suka kewaye shi, ya ba da labarin kansa da bakinsa. Alhaji Imam yana ba da nasa a gaban Koje Sarkin Labari da mutanen gari, Ganɗoki yana ba yaran makaranta, Shaihu Umar yana ba almajiransa. A ganinmu wannan dabara ce ta samun izini. Akwai irin labari guda da manya ke saurare da rana tsaka a zaure ba tare da jin kunya ba, shi ne na wanda ya dawo daga Gwanja ko daga Makka. Ba wanda ya je ya gani, don haka ba mai ƙaryata shi, kuma kowa ya san ana ɗan ƙara gishiri. Rigar matafiyi ƙagaggen labari ya ara ya shigo cikin manya.

Kowannensu kuma ya loda wa tafiyar kayan da ya ga dama. Imam, yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya loda mata raha. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka yi masa wulakanci a fada, sai Alhaji ya fita nema don ya wanke shi. Amma mai karatu yakan manta da majinyacin, hankalinsa ya koma kan ramuwar gayya tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe gari bayan gari, salon da Imam ya tsinto daga littattafan Larabci irin su Maƙamatul Hariri. Bello Kagara ya loda mata tarihi mai zafi: yaƙin Kwantagora da Turawa, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas wadda ta ƙare a Burmi a 1903. Da tarihin ya kai inda ba a cin nasara, sai marubucin ya wuce da jaruminsa ƙasashen aljannu inda takobi ke da sauran amfani. Wasu na ganin nan littafin ya lalace. Mu dai muna ganin nan ya faɗi gaskiyar zuciyar wanda aka ci da yaƙi.

Shaihu Umar shi ne mafi nauyi, kuma shi muka fi so a fara da shi. An sace yaro, an kai shi Kano, wani Balarabe ya ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita a hanya, ta kai har Tarabulus, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta rasu. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Wanda ya karanta shi bayan labarin Dorugu zai ga hamada ɗaya ce, ciniki ɗaya ne, sai dai wannan ƙagagge wancan kuwa ya faru. (Abin dariya, Balaraben da ya tafi da Umar shi ma Abdulkarim ne sunansa.) Hatta Jiki Magayi, wanda labarin soyayya ne da kuɗi suka raba, rabinsa yawo ne na neman asirin ɗaukar fansa.

Rukunin tarihi ma bai tsira daga hanya ba. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i 2 da hukumar ta fassara daga rubuce-rubucen Larabci a farkon shekarun 1930, yana ɗauke da tarihin sarakunan Kano. Idan muka karanta shi da kyau, bayan yaƙe-yaƙe abin da marubucin ya fi kula da shi shi ne wa ya zo, a zamanin wa, ɗauke da me: Wangarawa daga Mali a zamanin Yaji, Fulani da littattafansu, Shehu Magili a zamanin Rumfa, goro da raƙuma da gishiri. Kamar rajistar baƙi ce ta ƙofar gari.

Rukunin lafiya ne ya fi rama a boko, don yawancin abin da magabata suka rubuta a kai da Larabci yake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mai Infaƙul Maisuri, ya yi rubutu kan ciwon ido da kan basir, kuma da Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abin da ya nemi Ingila ta aiko masa har da likita. Amma littafin da ya fi nuna mana yadda talaka ke riƙe jikinsa da hankalinsa shi ne labarin Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954. Akwai haihuwa da wankan jego, akwai bori, akwai zaman kishi da yadda mace ke fita daga auren da ya ishe ta, da ƙawance da ke riƙe ta idan komai ya kwance. Jerin littattafan gyaran rayuwa da ke yawo a wayoyinmu kusan duk daga Amurka suke, an rubuta su don mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki. Baba ba ta taɓa zama ita kaɗai ba, kuma matsalolinta sun fi kama da namu.

Labarin tafiya na zahiri, wanda matafiyin ya rubuta da hannunsa, sai daga baya ya zo. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe da Imam, wanda a lokacin yake editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya gana da Lugga a can, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Malam Aminu Kano ya biyo baya da Motsi Ya Fi Zama a shekarun 1950. Shekara 88 ke tsakanin isar Dorugu Landan da isar Imam, kuma a wannan karon Bahaushen ne riƙe da alƙalami.

Duk da haka babbar tafiyar Bahaushe ba ta sami littattafan da suka kai girmanta ba. Dubban mutane sun bi hanyar gabas a ƙasa zuwa Makka, ta Borno da Chadi da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri su ƙara gaba. Wasu sun yi shekaru, wasu ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda ɗan Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu. Mafi yawan wannan labari a baki ya tsaya, kuma masu bakin suna ƙarewa.

Waɗanda aka rubuta ɗin ma ba su zauna lafiya ba. Da yawa yanzu a hoton shafi suke yawo a WhatsApp, wani a karkace, wani da inuwar yatsan mai ɗauka. Hoto kuwa ba ya bincikuwa. Ka nemi Zurƙe a cikinsa, kwamfuta ta ce babu. Idan aka sa manhajar da ke mai da hoto rubutu, sau da yawa sai ta cinye lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Na Dorugu ya fi wuya, domin Schön ya rubuta shi tun kafin a tsayar da ƙa'idar rubutun da muke bi, da haruffan da ya ga sun dace da kunnensa. Littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, hotonsa na nan a intanet kyauta. Amma kafin ɗan sakandare a Zinder ko Kano ya karanta shi a wayarsa, sai wani ya zauna ya furta kowace jimla a fili, ya ji abin da yaron Dambanas ya faɗa, sannan ya buga ta da rubutun yau.